Shari'ar Gangamau da Darbejiya: Yaushe A Ke Kiran Abu Sabo?

A filinmu na kimiyya na wannan mako za mu duba wata doka da ta shafi masu ƙago abubuwa, watau dokar da ta ce ba a ba mutum takardar haƙƙin ƙirƙira sai abin da ya kawo ya zama sabo. Wannan takarda, wadda Turawa su ke kira fatent, yarjejeniya ce tsakanin mai ƙira da hukuma. Shi zai bayyana asirin aikinsa filla-filla a rubuce, domin kowa ya karanta ya ƙaru. Ita kuwa hukuma za ta hana kowa yin abin, ko sayar da shi, sai da izninsa, har tsawon shekara 20 a yawancin ƙasashe. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa da kowa.

To, tun da ya ke musaya ce, lalle ne mai neman takarda ya zo da abin da jama'a ba su da shi. In an ba shi takarda a kan abin da mutane suka riga suka sani, ashe an ƙwace kayan jama'a ke nan an danƙa wa mutum guda, bai biya ko anini ba. An taɓa yin haka a Ingila. Sarauniya Elizabeth ta Farko ta riƙa ba fadawanta iznin su kaɗai za su yi cinikin gishiri, ko sitaci, ko katin caca, farashi ya tashi, talakawa suka yi ta kuka. Saboda haka a 1624 Majalisar Ingila ta kafa doka ta soke irin wannan gata, ta bar shi ga wanda ya fara ƙago sabuwar sana'a kaɗai, shi ma na shekara 14. Tun kafin nan, a 1474, birnin Benis na ƙasar Italiya ya yi tasa dokar, wadda ta kare sabuwar dabara har shekara 10.

Yaya ma'aikacin ofishin rajista zai gane sabo? Ranar da aka shigar da takardar nema ita ce iyaka. Duk abin da ya fita ga jama'a kafin wannan rana, shi masana shari'a su ke kira ilmin da ya rigaya: littafi, jarida, tsohuwar takardar haƙƙi, lacca, ko kayan da aka kasa a kasuwa. In ma'aikacin ya sami wuri guda inda aka bayyana dukan abin da mai nema ya ke da'awa, bayani kuwa wanda gwanin sana'ar zai iya bi ya aikata, shi ke nan, abin ba sabo ba ne. Ba a tambaya ko mai neman ya san da wancan bayani, ba a kuma tambaya ko mutum nawa suka karanta shi. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa kundin digiri guda ɗaya tak, wanda aka ajiye aka sa cikin jerin littattafan laburaren Jami'ar Freiburg a Jamus, ya isa ya hana takarda. Amma abin da aka faɗa wa wani bisa amana, da sharaɗin ya riƙe asiri, ba a lissafa shi.

Ga doka a takarda, da sauƙi. Wuyar tana ga hujja, kamar yadda labarin gangamau zai nuna mana. Gangamau, ko kurkum, shi ne saiwar nan mai launin rawaya da a ke sa wa abinci. Mutanen Indiya sun gaji barbaɗa garinsa a kan rauni tun kaka da kakanni. Duk da haka, a 1995 ofishin rajista na Amurka ya ba cibiyar aikin likita ta Jami'ar Misisifi takardar haƙƙi a kan warkar da rauni da garin gangamau, bisa sunan waɗansu masana biyu 'yan asalin Indiya. Da labari ya isa Indiya sai mutane suka yi mamaki, gama abin da kowace tsohuwa ta sani ne aka mai da shi mallakar wani.

Me ya sa ma'aikatan ofishin ba su gane ba? Dalili biyu ne. Na ɗaya, bincikensu ya tsaya ga tsofaffin takardun haƙƙi da mujallun kimiyya da ke hannunsu. Na biyu, dokar Amurka ta wancan zamani ta bambanta gida da waje. In a cikin Amurka a ke amfani da abu, wannan ya isa hujja, amma in a wata ƙasa ne, sai an same shi a buge cikin littafi ko takardar haƙƙi. Watau ko da dukan matan Indiya za su zo su rantse, shaidarsu ba ta shiga.

Sai Majalisar Binciken Kimiyya da Masana'antu ta Indiya ta shiga tonon littattafai. A 1996 ta roƙi a sake duba takardar, ta gabatar da hujjoji 32 rubutattu, waɗansu cikin harshen Sanskirit, waɗansu cikin Urdu da Hindi, har da wata maƙala da mujallar ƙungiyar likitocin Indiya ta buga a 1953. A 1997 ofishin ya yarda abin ba sabo ba ne, ya soke takardar.

Shari'a ta biyu ta shafi itacen da kowannenmu ya sani, darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, waɗansu bedi, waɗansu maina. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, ko da ya ke yau ita ce inuwar titunan Kano da Maraɗi da Tamale, alhazai kuma sun gan ta a filin Arfa. A 1994 Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai, da ke birnin Munik, ya ba kamfanin W. R. Grace tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka takarda a kan kashe funfunar da ke kama shuke-shuke da man 'ya'yan darbejiya. Waɗansu ƙungiyoyi na Indiya da na Turai suka kai ƙara.

Dokar Turai kuwa ba ta bambanta gida da waje. A wurinta duk abin da ya fita ga jama'a, a rubuce, ko da baki, ko ta wurin amfani, a kowace ƙasa, ilmin da ya rigaya ne. Amma fa sai an tabbatar da yaushe aka yi, a ina, me aka yi, wa ya gani. Cewa "kakanninmu sun saba" ba ta wadatar da alƙali. Abin da ya yanke shari'ar shi ne shaidar wani mai masana'anta daga yammacin Indiya, wanda ya nuna ya gwada irin wannan mai a gonaki a 1985 da 1986, a gaban manoma, ba tare da ɓoyo ba. A 2000 aka soke takardar. Masu ita suka ɗaukaka ƙara, suka taƙaita da'awarsu ga wani ma'auni na man. A nan sharaɗi na biyu ya tare su, gama bayan sabunta, doka tana so abin ya zama wanda gwanin sana'a ba zai kai gare shi da sauƙi ba daga abin da aka riga aka sani. A 2005 aka kori ƙarar.

Ku lura, gangamau ya ci shekara 2, darbejiya fiye da shekara 10, ban da kuɗin lauyoyi. Mutanen Indiya suka ga rigakafi ya fi magani. A 2001 suka kafa wata taska a kwamfuta, suka kwashe magungunan gargajiya daga tsofaffin littattafan Sanskirit, Larabci, Farisanci, Urdu da Tamil, suka juya su cikin Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Jafananci, domin ma'aikatan rajista su duba kafin su sa hannu. Ofishin Turai ya sami iznin shiga taskar a 2009. Amurka ma ta gyara dokarta a 2011, daga Maris 2013 amfani da abu a fili ko'ina cikin duniya ya zama hujja. Har wa yau, a Mayu 2024 ƙasashe suka amince da wata yarjejeniya a Janeba, wadda ta ce mai neman takarda ya bayyana inda ya samo tsiron da ilmin gargajiyan da ya gina aikinsa a kai.

Darasin ya shafe mu ta fuska biyu. Da fari, ilmin itatuwa da saiwoyi da ke ƙirjin masu magani da ungozomominmu, muddin yana baki kaɗai, kare shi a kotu yana da wuya. In an rubuta shi da kwanan wata, aka ajiye inda jama'a za su iya karantawa, ya zama garkuwa. Magabata sun nuna hanya, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar littattafai a kan magani da Larabci. Sai dai a sani, abin da aka bayyana ba wanda zai mallake shi, har da masu shi, saboda haka ya kamata jama'a su yi shawara kan abin da za su fitar da abin da za su riƙe.

Na biyu, gargaɗi ne ga maƙeri ko ɗalibin da ya ƙago wata na'ura. Magana zarar bunu ce. In ka nuna aikinka a kasuwa, ko ka sa hotonsa a intanet, kafin ka shigar da takarda, kai da kanka ka mai da shi ilmin da ya rigaya. Amurka tana yi wa mai ƙira rangwamen shekara 1, amma Turai ba ta yi, in ban da waɗansu 'yan togaciya. Fara da rajista tukuna. Mazauna Kamaru, Cadi da Nijar ofishinsu na tarayya yana Yawunde, na Gana da Sudan suna iya bi ta ofishin ƙasarsu ko na Harare, Nijeriya kuwa tana da nata.

A nan za mu dakata. Sai wani makon in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.