Ido Kafin Kyamara: Atisayen Ɗaukar Hoto Daga Barnawa Zuwa Kakuri

Kusan kowane ɗalibi a makarantar nan yana da kyamara a aljihu, amma da zarar an ce a kawo hoton aikin fili, ko wata ƙawa ta ce a ɗauke ta ranar kammala karatu, sai ka ga abin tausayi: sandar lantarki ta tsiro daga kan mutum, gini ya karkace kamar zai faɗi, fuska ta yi duhu. Nan take sai a ɗora wa waya laifi. Wayar ba ta da laifi, ɗan'uwa. Idon ne bai saba rarrabe abin da yake gani ba. Kuma abin ba na wasa ba ne: ɗaliban Kwalejin Nazarin Muhalli da ke Barnawa maki suke samu ko su rasa a kan hoton gini, masu ɗaukar hoton biki kuwa kuɗin makaranta suke haɗawa da shi.

Kowane hoto da 'yan abubuwa kaɗan aka gina shi: layi, siffa, haske da inuwa, kaushi ko santsi, launi, sai kuma sarari. Shawarata ita ce kada ka haɗa su duka a fita ɗaya. Ka ɗauki guda, ka yi mako kana farautarsa shi kaɗai, hoto 20 a rana, da dare ka goge 17.

Fara da layi, domin shi ne ke jan ido. Kudancin kogi kuwa cike yake da shi: titin jirgin ƙasa da ya ratsa Kakuri, dogayen katangun masaƙu, wayoyin lantarki, ƙarafunan gada. Layin da ya kwanta yana kwantar da hoto, wanda ya miƙe tsaye yana ba shi ƙarfi, wanda ya gitta a karkace shi ke sa hoto ya zama kamar yana tafiya. Gwada wannan: tsaya a gefen doguwar katanga, ka matsa har sai layinta na sama ya taso daga kusurwar hoton ya nufi ciki. Jira wani ya iso inda layin ya ƙare, sannan ka danna. Sake ɗauka a tsugune. Za ka ga katanga ɗaya ta ba ka hoto biyu da ba su yi kama ba. Ka kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamarar wayarka, biyu a tsaye biyu a kwance, masu raba fuskar waya gida 9. Da su za ka daidaita gini, kuma ka daina dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo.

Abu biyu a nan, don Allah. Kada ka hau kan titin jirgi don neman hoto, daga gefe ma layin na fita. Sannan a Kakuri akwai masana'antar ƙera makamai ta DICON. Ko katangarta kada ka nuna wa waya.

Mako na biyu, siffa. Mayar da wayar baƙi da fari, don launi yana ruɗin ido. Da launi ya tafi, abin da zai rage shi ne da'irar faifai, kusurwar rufin kwano, murabba'in taga. Duk mai son ya ga iyakar wannan fanni ya nemi aikin J.D. 'Okhai Ojeikere a intanet. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, har ya tara hotuna kusan 1,000. Yawancinsu daga ƙeya ko daga gefe ya ɗauka, baƙi da fari, bayan matar fili fetal ba komai. Ba fuska, ba ado, amma ka kasa ɗauke ido, saboda ya bar siffar kitson ita kaɗai ta yi magana. Wannan kam 'yan mata a hostal kun fi kowa sauƙin gwadawa: ƙawa mai sabon shuku, farin bango, hasken taga. Shi ke nan fa.

Sai haske, kuma a nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kaduna tana kusan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya, don haka da tsakar rana rana a tsakar ka take. Inuwa sai ta taru a ƙarƙashin ido da hanci, mutum ya fito kamar ya kwana uku bai runtsa ba. Da safe kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar, haske daga gefe yake zuwa, kuma shi ne ke fito da kaushin abu. Je ka kalli bangon tsohuwar masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 ta tsaya da aiki a 2002. Da azahar bango ne kawai. Da yamma kuwa kowace tsaga, kowane fenti da ya ɓare, kowace tsatsa a ƙofa sai ta tashi kamar ka taɓa. Iyayen wasu a cikinmu a nan suka yi aiki, kuma gine-ginen ba jiran kowa suke yi ba. Hoton da ka ɗauka don atisaye yau, wataƙila shi jikokinsu za su gani. Ka ɗauka daga bakin titi, in akwai mai gadi ka gaishe shi ka faɗi abin da ya kawo ka. Lokacin hunturu hazo na kashe inuwa da launi, to kada ka yi faɗa da shi. Koma wa siffa, ka ɗauki bishiya ko mai keke a cikin farin hazon.

Launi ba sai na ja ba. Shiga Kasuwar Litinin ta Kakuri, ka nemi launi biyu kacal: jan tattasai kusa da koren alayyafo, ko ruwan ɗorawar Keke Napep a jikin shuɗiyar ƙofa. In na uku ya kutso, matsa da ƙafarka har ya fita. Da ƙafa na ce, ba jawo hoto da yatsu ba, wanda ke farfasa shi. Ka nemi izinin mai kaya tukuna, in ya ce a'a ka wuce. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948, yakan zaunar da mace mai atamfa mai zane a gaban kyalle mai wani zanen daban, kuma hoton ya zauna daram. Kada ka fara da wannan. Sai ka iya biyu.

Na ƙarshe sarari, wato wurin da ka bari ba komai. In mutum yana kallon dama, bar masa fili a dama. Kafin ka danna, zagaya da idonka gefuna huɗu na hoton, ka ga ko akwai leda, guiwar wani, ko sandar nan ta lantarki.

Ranar Asabar ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya nuna hotunansa uku ba tare da ya yi bayani ba. Sauran su faɗi inda idonsu ya fara sauka. In suka ce a kan jarkar da ke bayan mutumin, to mako mai zuwa layi za ka maimaita.