KOYAR DA ƘANANAN YARA SANA'A CE MAI BUƘATAR KARATU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wanda muke damƙa wa ƴaƴanmu tun suna shekara uku zuwa shida. Idan ɗayanmu zai gina ɗaki, sai ya bincika magini ya ga aikin hannunsa. Amma idan aka zo kan yaro, wanda duk aka samu sai a ba shi: gardin da ya fi sauran girma a makarantar allo, ko yarinyar da ta bar lakkwal ba ta sami aiki ba, a ce ta riƙe ajin jardan tunda yara ne kawai. Wannan kuskure ne babba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da bai iya ba karya shi yake yi.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Kada wani ya zaci wannan ilimi baƙo ne gare mu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, don tausayin uwarsa, kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Umurnin salla kansa sai a shekara bakwai shari'a ta ce a fara yi wa yaro. A nan akwai darasi: kowace shekara da nauyin da take iya ɗauka.

Malamanmu sun mayar da wannan fanni abin rubutawa. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira (870), ya wallafa Adabul Mu'allimina. A ciki ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya hana shi horo cikin fushi da dukan fuska ko kai, ya hana shi aiken almajirai cikin buƙatun kansa. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya yi bayanin cewa hana yaro wasa da takura shi ga karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe basirarsa. Ibn Khaldun (ya rasu 1406) ya nuna a Muƙaddimarsa cewa tsanani yana koya wa yaro kasala da ƙarya da yaudara, saboda tsoron hannun da ke kansa. A ƙasar Hausa kuma, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu (ta rasu 1864) ta horar da jajis, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Ita ma ta ga cewa mai koyarwa sai an koyar da shi tukuna.

Turawa sun zo daga baya suka tsara abin. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, shi ya raɗa wa makarantarsa sunan lambun yara a 1840, daga nan kalmar jardan ta iso mu ta bakin Faransawa. Likita Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, cikin unguwar talakawa. Abin da ya dace da addininmu a cikin bincikensu mu ɗauka, domin hikima kayan mumini ce duk inda ya same ta.

GINSHIƘAN WANNAN ILIMI

Mai neman wannan sana'a yana buƙatar sanin abubuwa biyar.

Na ɗaya, sanin yadda yaro ke girma. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar yaro tana kaiwa kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta wajen shekara shida. Duk da haka tunaninsa dabam yake da na babba. Masanin nan na ƙasar Suwis, Jean Piaget, ya nuna haka da gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya yi a gida. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, sannan a juye na ɗaya cikin wani dogon kofi siriri a gaban yaro ɗan shekara huɗu. Galibi zai ce na dogon kofi ya fi yawa, ko da yake a idonsa aka juye. Malamin da ya san wannan ba zai kira yaron daƙiƙi ba, zai jira hankalinsa ya nuna, yana taimaka masa da abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa.

Na biyu, sanin matsayin wasa. Yaron da ke ƙirga ƴaƴan gurjiya ko duwatsun dara lissafi yake koyo. Wanda ke zane a rairayi yana shirya yatsunsa ne don riƙon alƙalami. Tatsuniya da kacici-kacici suna faɗaɗa masa magana. An yi wani bincike a Kingiston ta ƙasar Jamaika daga 1986, kan yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar wani kashi daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da ƴaƴansu. Bayan shekara ashirin aka tarar abin da waɗannan ke samu a wajen aiki ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Ku duba, ƴan'uwa, awa ɗaya ce a mako, a hannun wanda aka horar.

Na uku, sanin lafiyar yaro. Malami yana ganin yaro kullum, saboda haka ya kamata ya gane alamun tamowa, ya iya amfani da ɗan ma'aunin damtse: idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi ga yaron da bai cika shekara biyar ba, sai a garzaya likita. Ya kula da katin rigakafi, da wanke hannu da sabulu kafin abinci da bayan zagayawa. Mun taɓa ganin wani yaro a wata makaranta da ya sha bulala wata da watanni kan cewa yana da taurin kai, ba ya amsa kira. Daga baya aka gano sanƙarau ne ya taɓa masa ji tun yana jariri. Wa zai amsa wannan duka a gaban Allah?

Na huɗu, sanin harshe. Yaro da harshen uwarsa yake tunani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa. Ƙwararren malami yana koya wa ɗan shekara huɗu Fatiha da gajerun surori ta hanyar ji da maimaitawa, kaɗan-kaɗan, ya bayyana masa ladubba da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, sannan ya shigo da Larabci da Faransanci a hankali.

Na biyar, horo ba da cutarwa ba. Tara yara arba'in su natsu ba tare da dorina ba dabara ce da ake koya: gajeren darasi, sauya aiki kafin su gaji, doka kaɗan wadda ba ta canzawa, yabo a bainar jama'a, gyara a keɓe. A kan dukkan waɗannan akwai tsoron Allah da kyakkyawan hali, domin yaro abin da ya gani yake kwaikwayo fiye da abin da aka gaya masa.

INA AKE NEMAN SA?

Dokar tsarin ilimi ta Jamhuriyar Nijar ta 1998 ta sanya karatun share fage, na yara masu shekara uku zuwa biyar, cikin ilimin tushe. Akwai makarantun horar da malamai, waɗanda muke kira ekol normal, a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso, inda ake karanta halayyar yaro da dabarun koyarwa, a kuma fita aji a gwada a gaban ƙwararru. Mai wannan niyya ya haɗa abu uku: ya gyara karatunsa na Alƙur'ani da fiƙihu a gaban malami, ya nemi horon aikin, sannan ya zauna ƙarƙashin gogaggen malami ya ga yadda ake yi. Gani ya kori ji.

NAUYIN DA KE KANMU

Ga iyaye: kafin ku kai yaro wata makaranta, ku shiga ajin ku zauna, ku tambayi inda malamin ya koyi aikinsa. Idan ɗanku ko ƴarku ta nuna sha'awar wannan karatu, ku ƙarfafa mata, kada ku ce ƙaramin aiki ne.

Ga masu makarantu da kwamitocin masallatai: ku daina ba ajin ƙanana wanda ya fi kowa ƙarancin sani. Ku zaɓi matashi ɗaya ko biyu a unguwa, ku ɗauki nauyin horonsu. Ku kuma biya su haƙƙinsu a kan lokaci, domin malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyarwa, kuma malamin da cikinsa ke kuka ba zai yi haƙuri da kukan ɗan wani ba.

Ga mawadata: kamar yadda kuke gina masallatai, ku tuna cewa masu cika sahunsu nan da shekara ashirin suna zaune yau a kan tabarma, gaban malamin da ba mu horar ba. Kuɗin horar da shi sadaka ce mai gudana.

Muna roƙon Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya yafe mana inda muka gaza. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.