Ruwan Shuka: Ma'anarsa a Bakin Manomi da Ma'auninsa a Samaru

Ba kowane ruwa ne manomin ƙasar Zazzau yake kira ruwan shuka ba. Akwai yayyafin bazara wanda iyakarsa kwantar da ƙura, akwai kuma wanda zai sa mutum ya tona ƙasa ya ga inda laima ta kai. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa bambancin nan da harshe ya riga ya yi, shi ne masana yanayi suka yi ta ƙoƙarin aunawa a nan Samaru.

Masana sun bayyana cewa iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a sararin ƙasar Hausa. Ɗaya busasshiya ce daga hamadar Sahara, mai kawo hunturu da hazo. Ɗayar kuwa mai laima ce daga tekun Atlantika. Mahaɗarsu takan gusa arewa da bazara, ta komo kudu da kaka, kuma sai iska mai laima ta yi kauri a kan wuri kafin damina ta zauna. To, mahaɗar nan ba ta tafiya kai tsaye, takan yi gaba ta ja da baya. Shi ya sa hadari kan zubar da ruwa a watan Afrilu, sa'an nan sama ta yi tsit mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, iri ya salwanta.

Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta daɗe tana rubuta awon ruwa. Kusan milimita 1,000 ake samu a shekara, Agusta ya fi kowane wata. Amma a ganina jimillar shekara ba ta amsa tambayar manomi, domin shi ranar farawa yake nema. A 1972 Kowal da Knabe suka fitar da littafin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa, inda suka kasa shekara kwana goma-goma, suka gwada ruwan da ya sauka da wanda rana da tsirrai suke zuƙewa. Watau dai tonon ƙasar nan na manomi ne aka mayar lissafi.

Farin 1973 da na 1984 sun nuna yadda damina take gajarcewa. Irin wannan awo ne yake gaya wa masu kyautata iri a Samaru kwana nawa dawa ko wake suke da shi kafin ruwa ya ɗauke.