Raunin da Ido Ba Ya Gani

Karatu: I Sarakuna 19:1-21

Soja yakan komo daga yaƙi ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma ba lafiya gare shi ba. Barci ya gagare shi, in an buga ƙofa sai ya zabura, yana fushi da iyalinsa ba dalili. Me za mu ce da irin wannan mutum?

A Yaƙin Duniya na Fari, 1914 zuwa 1918, manyan soja da yawa suka ce ragwanci ne. Ingila ta harbe sojojinta 306 saboda gudu, ko tsoro, ko laifi irin wannan, waɗansunsu kuwa marasa lafiya ne. Sai a 2006 aka yi musu gafara.

Amma akwai wani likitan soja, sunansa Rivers, wanda ya yi aiki a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh a 1917. Ya lura cewa waɗanda aka ce musu su manta da abin da suka gani, su ne mafarki ya fi azabtarwa da dare. Saboda haka yakan zauna da mutum, ya saurare shi da haƙuri, har ya iya faɗin abin da ke cin zuciyarsa. Da yawa suka sami sauƙi. A 1980 likitocin Amurka suka sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan da aka sani.

Ku duba annabi Iliya. Bayan zubar da jini a gindin Dutsen Karmel, Yezebel ta yi masa kashedin mutuwa. Ya gudu jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Da fari ya ba shi barci, da abinci, da ruwa, har sau biyu. A Horeb ya bar shi ya faɗi kukansa, har sau biyu kuma. Daga baya ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya.

Kakanninmu da suka yi yaƙi a Bama, 1943 zuwa 1945, waɗansu sun komo da wannan rauni. Yau ma akwai sojoji, da likitocin da suka ɗaure raunukansu, suna zaune cikin ekklesiyoyinmu shiru. Kada mu ce da su ƙarancin bangaskiya ne. Mu ziyarce su, mu saurare su, mu yi addu'a tare da su, mu kai su wurin likita kamar yadda za mu kai mai karaya.

Tambayoyi:
1. Me ya sa Ubangiji ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa tambaya?
2. Wane ne a cikin ekklesiyarku yake bukatar Elisha?