Tufar tartan, tambarin garkuwa da wayar salula

Sikotilan ƙasa ce mai duwatsu da tafkuna, tana arewa da Ingila. Da faransanci ana ce mata Ekos. Babban birninta Edinbura. Sanyi da ruwan sama sun yi yawa a can, shi ya sa mutanenta suke kiwon tumaki, suna saƙa da gashinsu.

Tufar da aka fi sanin su da ita sunanta tartan. Maza suna ɗinka wani irin buje mai ninki-ninki da ita, wanda yake tsayawa a gwiwa. Sunan bujen kilti.

Ga yadda ake saƙa tartan. Masaƙi yana jera zaren tsaye launi bayan launi, yana ƙirgawa: ja kaza, baƙi kaza, kore kaza. In ya zo ga zaren kwance, sai ya bi wannan ƙirga daidai, ba ragi ba ƙari. Ta haka layuka suke gitta juna, su fitar da gida-gida. Inda ja ya hau ja, ja ne zalla. Inda ja ya hau baƙi, sai wani launi na uku ya fito, wanda ba a rina shi ba. Zare mai launi 2 yana ba da launi 3 a ido. Zare mai launi 6 yana ba da 21. Wannan ƙirga ta zare ita ce ainihin tartan. In an rubuta ta a takarda, masaƙin da bai taɓa ganin tufar ba yana iya saƙa ta.

A yau dangogi da yawa na Sikotilan suna da tartan mai sunansu. Amma ba haka abin yake ba tun fil azal. A da, mutum yana sa abin da masaƙin yankinsu ya saƙa, da rinin da ya samu. A shekara ta 1746, bayan yaƙin Kuloden, gwamnatin Birtaniya ta hana mazan Sikotilan sa tufafin mutanen duwatsu, sai sojojinta kaɗai. Wanda aka kama, kurkuku wata 6. An soke dokar a 1782. A 1815 wata ƙungiya ta ƴan Sikotilan mazauna Landan ta roƙi shugabannin dangogi kowa ya aiko da ƙyallen tartan na danginsa. Wasu daga cikinsu ba su ma san wane ne nasu ba, sai suka zaɓa. A 1822 Sarki Joji na 4 ya ziyarci Edinbura sanye da kilti, kowa kuma ya so ya samu nasa. Masaƙa sun yi ciniki. Tufar da a da lamba kawai gare ta a littafin masaƙa, sai ga ta da sunan babban gida.

Tun 2009 akwai rajistar gwamnati a Edinbura inda ake rubuta tartan da sunansa da ƙirgar zarensa. Sun kai dubbai. Ba mai iya riƙe su duka a ka.

A nan wayar salula ta shigo. Jikokin ƴan Sikotilan suna da yawa a Kanada da Amurka da Ostareliya. Wani zai buɗe akwatin kakansa, ya tarar da tsohon kilti, ba wanda ya rage a gidan da zai gaya masa sunansa. Sai ya ɗauki hotonsa da waya, ya ba manhaja. Manhaja wani tsarin aiki ne da ake sa wa waya. Ɗaya daga cikin masu gane hoto ita ce Google Lens, wadda ta fito a 2017. Tana duba hoton, ta kwatanta da hotunan da suke a intanet. Kafin a ƙifta ido ta kawo waɗanda suka fi kama da shi.

Wani lokaci tana dacewa. Tartan ja mai suna Royal Stewart ya cika duniya, da wuya ya ɓace mata. Amma waya kama take nema, kama kuwa ba ita ce ainihi ba. Hasken fitila yana mai da shuɗi mai duhu baƙi. Ninkin kilti yana ɓoye rabin layuka. Rana da wanki suna kashe rini. Ban da haka, masaƙa suna saƙa tartan guda da rini mai duhu ko mai haske ko wanda aka kashe da gangan don ya yi kamar tsoho. A ido tufa uku ce, a ƙirga guda ce. Akwai kuma akasin haka: tartan na rundunar soja ta Black Watch, mai shuɗi da kore da baƙi, shi ne dai wanda dangin Kambel suke sawa da sunansu. Waya ba ta iya sanin wanne mai kiltin yake nufi ba. Saboda haka mai hankali yakan shimfiɗa tufar a hasken rana, ya ɗauki hoto, ya karɓi sunan da waya ta ba shi, sannan ya zauna ya ƙirga zaren ya gwada da abin da aka rubuta a rajista.

Haka abin yake ga tambarin garkuwa. Tun ƙarni na 12 mayaƙan Turai suke zana alama a garkuwarsu don a gane su: zaki, gaggafa, tauraro, hasumiya. Ana ganin irin waɗannan tambura a ƙofar tsofaffin gidaje, a kan kaburbura, a zobe da cokula. Tambarin sarautar Sikotilan jan zaki ne a tsaye, a kan garkuwa mai ruwan zinariya. Shi ma tambari, ainihinsa a rubuce yake. Ana bayyana shi da kalmomi, mai zane kuma ya zana zakinsa yadda hannunsa ya iya, siriri ko ƙato. A kan dutse ma babu launi sam. Zakuna kuwa sun yi yawa a Turai, har waya takan rikice.

Akwai wani tarko. Ƴan kasuwa suna sayar wa baƙi hoton tambari, su ce na duk mai suna kaza ne, intanet kuma ta cika da irin hotunan nan. Waya tana kawo su kamar gaskiya. A dokar Sikotilan tambari na mutum guda ne, magajinsa ne yake gadonsa. Wani babban ma'aikaci mai laƙabin Lord Lyon yake ba da shi, yana da kotu, kuma tun 1672 ake rubuta tambura a rajistarsa. Wanda ya ɗauki tambarin wani ya liƙa a ƙofarsa, ana iya kai shi gaban wannan kotu.

Nijar ma ta tsayar da tambarinta a rubuce a 1962: rana a tsakiya, mashi da takuba 2, zangarniyar hatsi 3, da kan sa a ƙasa, tutoci kuma a gefe. Rubutun ya ce garkuwar koriya ce. Amma a hotuna da yawa an yi mata ruwan zinariya.

Tambayoyi

1. Me ya sa zare mai launi 2 yake ba da launi 3 a ido? Zare mai launi 3 fa, nawa zai bayar?
2. Waɗanne abubuwa suke rikita waya in tana duba tartan?
3. Ku nemi tambarin Nijar a kan wata takarda ta gwamnati. Wane launi aka yi wa garkuwar?