Dasa Cediya a Zangon Agege

Ana cewa sunan Agege ya samo asali daga maganar Yarbanci mai nufin masu saran itace. To, sara kam an yi, mayarwa ce ba a yi ba. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro suka yi ta sauka a nan, gonaki suka koma gidaje da shaguna. Yau idan ruwan Yuni da Yuli ya kece, ba abin da ke riƙe ƙasa. Sai ya kwashe ta ya zuba a kwata, kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna, gindin katanga ya zaizaye.

Ɗan Arewa in aka ce itace mai gyara ƙasa, gawo yake tunawa. Amma gawo na busasshiyar ƙasa ne, danshin kurmi bai karɓe shi ba. Darbejiya kuwa baƙuwa ce daga Indiya. Wadda ta dace da mu ita ce cediya, wadda Yarbawa ke kira odan. Yadda muka san ta a ƙofar fada da bakin kasuwa a gida, haka suka san ta a dandalin garuruwansu.

Ba sai an nemi iri ba. A saro reshe mai kaurin damtse, tsawon mutum, a zage ganyensa. A haƙa rami kamu guda, a kafa shi, a danne ƙasa sosai don kada ya girgiza. Farkon damina ake yi, Afrilu ko Mayu. Da ya fara toho sai a kewaye shi da tsohon kwano ko gora, don akuya ba ta san na gwamnati ba, ba ta san na liman ba.

A lura, saiwar cediya ba ta da kunya. Ƙarfin da take kama ƙasa da shi, da shi take fasa daɓe, ta kutsa rijiya da masai. Saboda haka a ba ta taku goma sha biyar daga gini. Filin makaranta, harabar masallaci, maƙabarta da bakin rafi sun fi lungu dacewa. Ɗan haya ya shawarci mai gida tukuna.

Jihar Legas ta ware 14 ga Yuli don dashen itatuwa, kuma dokarta ta hana sare itace ba da izinin hukumar LASPARK ba. Masu tumaki su tsinki ganyen cediyar su ba dabbobinsu, amma sai ta shekara uku, kuma ban da kan tsiron.