Darasin Hoto: Wayarmu da Idon Tsofaffin Masu Hoto

Da wayar aro ma muna iya ɗaukar hoto ɗari a wuni guda. Tsofaffin masu hoto na Jibiya kuwa da fim suka koyi sana'a, fim ɗaya hoto 36 kacal, kuma sai an wanke ake ganin abin da ya fito. Shi ya sa ba sa latsawa sai sun duba haske. Mu kwaikwaye su a nan: rana ta kasance bayanmu ko gefe, kuma hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, wadda ke duhunta fuska. Da hunturu hazo kan dusashe launi, sai a matso kusa, kada a jawo hoton da yatsa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Magama bakin iyaka ce, akwai kwastan da jami'an shige da fice da sojoji. Ba a ɗaukar shingensu sai da izini, in ba haka ba ana iya ƙwace waya, har a tsare mutum. Direban motar Maraɗi ma a yi masa sallama, a tambaye shi.

Salo kuma namu ne. Su sun saba tsayar da mutum gaban labule ya ƙame. Mu durƙusa mu ɗauki ɗan dako yana tafe da buhu a kasuwa. Malick Sidibé na Bamako ma waje ya fita da kyamararsa ya bi matasa wuraren biki, har aka karrama shi a Venice a 2007.

Aikin wannan mako: kowa ya kawo hoto uku kacal.